Saba ɗaya muke hawa da abokina, me ya sa kwamfaila ke aiki a wurinsa ba ta aiki a wurina?

"Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗalibin digiri na biyu ne a nan Legas, ina zaune a Agege. Sashenmu yana da wata babbar kwamfuta mai Linux da muke shiga ta ssh daga laftof ɗinmu, mu da yawa. Malamina ya ba ni wani shiri da aka rubuta da Fortran da C++, ya ce in harhaɗa shi in fara lissafi. In na buga gfortran sai ta ce command not found. g++ kuma yana nan, amma zubi na 4.8.5 ne, shirin ya ƙi haɗuwa da shi. Abokina da muke kan kwamfutar ɗaya, nasa zubi na 11 yake nunawa. Na kwafi fayil ɗinsa na .bashrc na ɗora a kan nawa, shirin ya haɗu, amma da na tura shi layin aiki sai ya mutu da wata magana ta GLIBCXX. Yanzu kuma scp ma ya daina tura mini fayil. Ba ni da sudo. Don Allah ina matsalar take?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka kawo ƙorafi uku: kwamfailar da kake nema, wato shirin da ke harhaɗa rubutun Fortran ko C++ ya mai da shi abin da kwamfuta za ta gudanar (gfortran na Fortran, g++ na C++, dukansu daga gidan GCC), ko dai babu ita ko tsohuwa ce ke fitowa, shirin ya haɗu amma ya ƙi gudu, sannan scp ya lalace. Kai uku kake gani, amma uwarsu ɗaya. Kwamfutar ɗaya ce, wannan gaskiya ne, sai dai abin da shel ɗinka yake gani daban ne da abin da shel ɗin abokinka yake gani, kuma 'yan layuka ne a cikin fayilolinku suka bambanta ku. Ka kwantar da hankalinka game da sudo, wato umarnin da ke ba mutum ikon taɓa tsarin kwamfutar gaba ɗaya. Kula da sabobin Linux, irin wannan babbar kwamfutar taku da mutane da yawa ke shiga daga nesa, shi ne sana'ata, kuma wanda ya zo mini da irin wannan ƙorafin da wuya ka ga sudo ce maganinsa.

Abin da ke faruwa in ka buga umarni

Shel shi ne shirin da ke karɓar abin da ka buga a baƙin allon nan ya nemo wanda zai aiwatar. A yawancin sabobin Linux bash ne, wanda Brian Fox ya rubuta wa aikin GNU aka fitar a 1989. Kafin komai ka tabbatar da wanda kake ciki, ka buga ps -p $$ ka gani. Ba don ƙawa na ce ka duba ba. Tsofaffin takardun shirye-shiryen Fortran da yawa an rubuta su ne don csh ko tcsh, inda ake cewa setenv FC gfortran, alhali a bash export FC=gfortran ake cewa. Ɗalibi zai kwafo layin setenv ya zuba a bash, ya ga kuskure, ya ɗauka kwamfutar ce ta lalace.

Kowane shel yana ɗauke da wasu sunaye masu ƙima, su ake kira muhallinsa. Umarnin env zai zubo maka su duka. Wanda ya fi shafarka shi ne PATH. Ka buga echo $PATH, za ka ga jerin foldoji da aka raba da ɗigo biyu, misali /usr/local/bin:/usr/bin:/usr/sbin. In ka ce g++, shel zai fara daga foldar hagu, ya duba, ya wuce ta gaba, kuma g++ ɗin da ya fara cin karo da shi shi zai kunna, ba ya ƙara duba sauran. Kai ya samu naka a /usr/bin, wato tsohon da ya zo da kwamfutar. gfortran kuwa ya bi foldojin duka bai gan shi ba, shi ne ya ce command not found. Wannan maganar ba ta nufin babu gfortran a kwamfutar. Nufinta babu shi a inda ka ce a duba. Abokinka yana da wata folda, mu ɗauka /opt/gcc-11/bin, a gaban jerinsa. Shi ke nan bambancin. Ku zauna tare ku buga type -a g++ kowa a allonsa, za ku ga kowa inda nasa yake fitowa.

Wurin da ka saka sabuwar foldar shi ne komai. Layin export PATH=/opt/gcc-11/bin:$PATH ya sa ta a gaba, sabuwar kwamfaila ta yi nasara. In ka juya ka rubuta export PATH=$PATH:/opt/gcc-11/bin, gfortran zai bayyana tunda babu kishiyarsa a /usr/bin, amma g++ tsohon ne zai ci gaba da fitowa, ka haɗa rabin shiri da zubi na 11 rabi da 4.8.5 ba ka sani ba. In kuwa ka manta da $PATH ɗin gaba ɗaya, to ls ma za ta ɓace maka. In hakan ta faru kada ka firgita, export PATH=/usr/bin:/bin zai dawo maka da kayan aikin da za ka gyara ɓarnar.

Akwai ƙa'ida ɗaya da in ka riƙe ta rabin ruɗanin nan ya tafi. Muhalli na shirin da ke gudu ne, ba na kwamfuta ba. Duk shirin da shel ya kunna yana gādon kwafin muhallin, amma ɗa ba ya iya canza na uwarsa. Shi ya sa in ka zuba layukan export a fayil mai suna saiti.sh ka kunna shi da ./saiti.sh, ba abin da zai canza: an buɗe sabon shel, ya yi saitin a jikinsa, ya mutu da abinsa. Sai ka ce source saiti.sh, sannan layukan za su gudana a cikin shel ɗin da kake zaune. Haka kuma in ka rufe tagar ka sake shiga, duk abin da ka buga da hannu ya tafi.

Me ya hana mai kula da sabar ya sabunta gcc kowa ya huta

Lambar 4.8.5 ɗin nan ta gaya mini abu da yawa. Shi ne zubin da ke zuwa da CentOS 7 da Red Hat Enterprise Linux 7, waɗanda suka fito a 2014. CentOS 7 ma an daina tallafa masa tun 30 ga Yuni 2024, amma sabobin makarantu da na bincike ba a cika sauya su da wuri ba, don akwai ayyukan mutane a kai. g++ 4.8.5 in ba ka ce masa komai ba C++98 yake ɗauka, yana iya C++11 in ka ƙara -std=c++11, amma bai san C++17 ba. Zubi na 11 kuwa C++17 ne abin da yake farawa da shi. Ka ga dalilin da shirin malaminka ya ƙi haɗuwa.

Mai kula da sabar ba zai taɓa wanda ke /usr/bin ba, kuma ni ma da nake wannan aikin ba na taɓa shi. Kayan tsarin kwamfutar da direbobinta da shi aka gina su, ga kuma wani ɗalibin digirin digirgir da ya shekara yana fitar da sakamako da tsohuwar kwamfailar, ba ya son a canza masa ita ana tsakiyar aiki. Saba irin taku kamar gidan haya ne na mutane da yawa a Agege: ɗakinka naka ne, ka jera kayanka yadda ka so, amma ba ka isa ka canza wayar wutar gidan ba don firjinka. Abin da masu kula da saba ke yi shi ne su ajiye kwamfailoli da yawa gefe da gefe, kowacce a foldarta, kowa ya ɗauki wadda yake so ta hanyar gyara muhallinsa.

Don kada kowa ya riƙa rubuta layukan export da hannu aka ƙirƙiro tsarin modul. John Furlani ya bayyana shi a 1991 yana kamfanin Sun Microsystems, daga baya kuma Robert McLay ya rubuta Lmod a cibiyar manyan kwamfutoci ta TACC da ke Texas a Amurka. Umarninsu kusan iri ɗaya ne. Ka gwada module avail. In jerin sunaye ya fito, to ka huta, module load gcc/11.2.0 ko duk sunan da ka gani a jerin shi ne abin da kake nema tun farko. module list zai nuna abin da ka ɗora, module purge ya sauke komai. Wanda na fi son ɗalibai su saba da shi shi ne module show, domin zai nuna maka layi-layi abin da modul ɗin zai canza, sai ka ga ashe ba wani siddabaru ba ne, PATH ne da 'yan uwansa ake ƙara wa foldoji. A Lmod wasu manhajoji ba sa fitowa a module avail sai ka ɗora kwamfailar da aka gina su da ita. Umarnin module spider ne ke tono su.

A gidan Red Hat akwai wata hanyar kuma, devtoolset, wadda ake shiga da scl enable devtoolset-11 bash. Amma ba na jin ita abokinka yake amfani da ita. An tsara devtoolset ne ta yadda shirin da ka haɗa zai gudu da tsohon laburaren tsarin, saboda haka da ita ce da ba ka ga kuskuren GLIBCXX ba.

Shiri ya haɗu amma ya ƙi gudu

Nan ne zan daɗe, don nan ne mutane suka fi shan wahala. Saƙon da ka gani, ko ban gan shi ba, kusan haka yake:

/lib64/libstdc++.so.6: version `GLIBCXX_3.4.29' not found

Ka dubi farkon layin da kyau. /lib64 foldar tsarin kwamfutar ce, ba foldar gcc 11 ba. Shirin C++ ba ya ɗauke da duk kayansa a cikinsa, yana jingina ne da wani laburare mai suna libstdc++ da ake nemowa a daidai lokacin da aka kunna shi. Kwamfaila ta 11 ta haɗa shirinka ta rubuta a jikinsa cewa yana buƙatar abubuwan da ke cikin sabon laburaren. Da aka zo kunnawa, mai ɗora laburare na Linux bai san da foldar gcc 11 ba, sai ya ɗauko wanda ya saba ɗaukowa, na 4.8.5, wanda lambarsa ta tsaya a GLIBCXX_3.4.19. Sunan fayil ɗin ɗaya ne, abin da ke ciki ne ya gaza. Kana iya tabbatarwa da kanka: strings /lib64/libstdc++.so.6 | grep GLIBCXX zai jero lambobin da tsohon ya sani, ldd ./shirinka kuma zai nuna maka kowane laburare daga inda za a ɗauko shi. A ɓangaren Fortran saƙon yakan zo da wata fuskar, libgfortran.so.5 cannot open shared object file, domin gfortran 4.8.5 libgfortran.so.3 yake da shi, daga zubi na 8 zuwa sama kuma .so.5.

PATH na neman shirye-shirye ne kawai, ba ruwansa da laburare. Mai wannan aikin shi ne LD_LIBRARY_PATH. Zato na shi ne .bashrc ɗin abokinka PATH kaɗai ya gyara, sauran saitin yana wani fayil ɗin da ba ka kwafa ba, ko .bash_profile ɗinsa ko fayil ɗin da yake tura aiki da shi. Ka ɗauko rabin magani ke nan. Layin da ya rage maka shi ne wanda zai sa foldar lib64 ta gcc 11 a gaban LD_LIBRARY_PATH, kuma modul mai kyau yana yin wannan da kansa.

Kada ka ruɗe da wasu sunaye biyu masu kama. LIBRARY_PATH, ba LD_ a gaba, gcc ne ke duba shi lokacin haɗawa. CPATH kuma inda yake neman fayilolin .h. Su biyun aikinsu ya ƙare da zarar shiri ya haɗu. LD_LIBRARY_PATH shi ne na lokacin gudu.

Ra'ayina a kan LD_LIBRARY_PATH: yana aiki, amma ba na son ganinsa a .bashrc. Duk shirin da ka kunna yana binsa, ba naka kaɗai ba. Na sha ganin wanda ya sa foldar lib ta conda, wani shirin girka manhajoji, a ciki, bayan kwana biyu git ko curl ko ssh ɗinsa ya fara kukan wani laburaren OpenSSL, shi kuma ya manta ma ya taɓa wani abu. Akwai kuma wani ƙaramin tarko: in sunan babu komai a cikinsa tun farko ka rubuta sabuwar folda sannan :$LD_LIBRARY_PATH, za a bar ɗigo biyu a ƙarshe ba komai bayansu, Linux kuma yana fassara wannan gurbin da "foldar da nake ciki yanzu". A kwamfutar da kai kaɗai ke hawa ba wani abu ba ne. A wadda mutane da yawa ke iya ajiye fayil a /tmp, ƙofa ce ka bari a buɗe. Dalili ɗaya ne ya sa ba a saka ɗigo ɗaya, wato foldar yanzu, a cikin PATH.

Abin da na fi so in shirin nawa ne shi ne in rubuta hanyar laburaren a jikinsa tun wurin haɗawa, da -Wl,-rpath,/opt/gcc-11/lib64. Daga nan ko a wane shel aka kunna shi ya san inda zai je. In kuma shirin ƙarami ne, -static-libstdc++ da -static-libgcc za su zuba laburaren C++ da ake buƙata a cikinsa, fayil ɗin ya ɗan yi nauyi, ka rabu da maganar GLIBCXX.

Wane fayil ake karantawa, yaushe

In ka shiga ta ssh, bash yana karanta /etc/profile, sannan ya nemi .bash_profile, .bash_login, .profile a gidanka bi da bi, ya karanta na farkon da ya samu kaɗai. In kuma kana ciki ka buɗe wani bash ɗin, .bashrc yake karantawa. Galibi .bash_profile yana da layin da ke kiran .bashrc, shi ya sa mutane ke ɗauka abu ɗaya ne. Fayil ɗin umarni da ka kunna kuwa ba ya karanta ko ɗaya daga cikinsu, gādon muhallin wanda ya kunna shi kawai yake yi.

To ga inda scp ya shigo. In scp ko sftp ko rsync suka haɗu da sabar, ana buɗe musu bash a can, kuma bash yana karanta .bashrc in ya gane ta ssh aka kira shi. Su waɗannan shirye-shiryen magana suke yi da takwarorinsu da wani tsari mai tsauri, duk harafin da ya faɗo tsakani ya ɓata zancen. Ka buɗe fayil ɗin da ka kwafo, na tabbata za ka ga echo mai gaisuwa, ko date, ko wani umarni da ke buga rubutu a allo. In saƙon da kake gani Received message too long ne, to shi ne, ba wani ba. Maganinsa ka cire layin, ko ka sa wannan a samansa don shel ɗin da ba mutum ke zaune a gabansa ba ya juya tun daga nan:

case $- in *i*) ;; *) return;; esac

Ubuntu ma da wannan layin take zuwa a saman .bashrc ɗinta. Amma ka lura, duk saitin da ke ƙasan layin ba zai kai ga umarnin da aka aiko daga nesa ba, wanda hakan wani dalilin ne na kada ka dogara da .bashrc wurin saita kwamfaila.

Duk sanda za ka taɓa waɗannan fayilolin, ka fara da cp .bashrc .bashrc.tsoho, kuma ka bar taga ɗaya a buɗe ka gwada shiga da wata. Kalmar exit ɗaya a wurin da bai dace ba ta isa ta kulle ka a waje, sai ka je neman mai kula da sabar. Sannan in laftof ɗin da ka sayo a Computer Village ta Ikeja Windows ke kai, kada ka rubuta fayil ɗin a Notepad ka tura. Windows na ƙara wani harafi da ba a gani a ƙarshen kowane layi, bash kuma zai riƙa cewa $'\r': command not found. Ka rubuta a kan sabar da nano ko vim, in kuma aikin gama ya gama, dos2unix zai wanke shi.

Yadda nake tsara nawa

.bashrc ɗina babu kwamfaila a ciki ko ɗaya. 'Yan gajerun laƙabin umarni ne da siffar alamar shel, sai $HOME/bin a PATH. Kowane aiki yana da fayil ɗinsa a cikin foldarsa, ina kiransa muhalli.sh, kuma bai wuce haka ba:

module purge
module load gcc/11.2.0
module load openmpi
export CC=gcc CXX=g++ FC=gfortran

In zan harhaɗa, source muhalli.sh sannan make, shirin da ke kiran kwamfaila a kan fayilolin aikin bi da bi. A fayil ɗin da nake tura wa Slurm, shirin da ke kula da layin aiki, da umarnin sbatch, layin farko bayan layukan #SBATCH shi ne source na wannan fayil ɗin dai, bi da module list da gcc --version don su shiga cikin sakamakon. Wata shida gaba, in malaminka ya tambaye ka da wace kwamfaila aka fitar da lambobin babi na huɗu, amsar tana rubuce. Slurm a al'adarsa yana kwashe muhallin da kake ciki lokacin da ka tura aiki ya kai can, abin da ke sa aiki ya yi yau ya ƙi gobe, ya danganta da abin da ka ɗora a tagar kafin ka tura. module purge ɗin nan na sama shi ke kashe wannan cacar. In aikin ya ce module: command not found, ka mai da layin farkon fayil ɗin #!/bin/bash -l, domin module ba shiri ba ne da ke zaune a PATH, aiki ne na cikin shel da ake saitawa daga /etc/profile.d lokacin shiga. In babu modul a sabarku, layukan export na PATH da LD_LIBRARY_PATH ne za su zauna a gurbin module load, tsarin bai canza ba.

Layin CC da CXX da FC ba ado ba ne. make in ba a gaya masa ba cc yake kira, CMake ma, wanda ke shirya wa make fayilolin harhaɗawa, cc yake fara nema. GCC da aka girka a gefe kuwa yana zuwa da gcc da g++ da c++, amma ba ya zuwa da cc. Sai ka ga PATH ɗinka daidai, gcc --version ya ce 11, amma CMake ya lallaɓa ya ɗauko /usr/bin/cc tsoho. Ka karanta layukan farko da yake bugawa, yana faɗin kwamfailar da ya samu da lambarta. Kuma CMake yana da riƙo: abin da ya gani a karon farko yana rubuta shi a CMakeCache.txt, ko ka canza CC daga baya ba zai saurare ka ba. Goge foldar build ka fara sabo. A make kuma make clean kafin ka sauya kwamfaila, musamman saboda Fortran, don fayilolin .mod da wata kwamfaila ta fitar wata ba ta karanta su, wani lokacin ma tsakanin zubi biyu na gfortran ɗin kansa.

Tunda shirin na malaminka ne, mai yiwuwa ɓangaren Fortran ɗin ya kwana biyu, to ka shirya wa wani abu. Daga zubi na 10, gfortran ya daina kau da kai in nau'in abin da aka miƙa wa wani aiki bai dace da yadda aka kira shi a wani wurin ba, yana tsayawa da kuskuren Type mismatch ko Rank mismatch. Tsofaffin shirye-shirye masu MPI, wato laburaren da ke raba lissafi a kan furosesa da yawa, suna yawan faɗawa nan. -fallow-argument-mismatch zai mai da kuskuren gargaɗi. Ka gaya wa malamin ka sa shi, kada ka ɓoye, don wani lokacin kwamfailar gaskiya ta gano.

In shirin na amfani da MPI, da mpicc da mpicxx da mpif90 ake haɗawa. Su ba kwamfailoli ba ne, mayafi ne a kan wata, kuma mpicc --showme a Open MPI ko mpicc -show a MPICH zai yaye maka mayafin ka ga wadda ke ƙasa. Dole MPI ɗin ya zama wanda aka gina da kwamfailar da ka ɗora, kuma mpirun ɗin da za ka kunna shirin da shi ya fito daga gida ɗaya. Kwamfailolin Intel kuma, in sabarku na da su ba a modul ba, source /opt/intel/oneapi/setvars.sh ne ƙofarsu.

In abin da kake so babu shi sam

Fara tambayar mai kula da sabar. Girka kwamfaila sau ɗaya don kowa ya fi masa sauƙi a kan mutum goma kowa ya cika gidansa da kwafinsa. In bai samu sarari ba, conda-forge na da gcc_linux-64 da gxx_linux-64 da gfortran_linux-64 da za ka girka a gidanka ba sudo. Sai dai ka hana conda kunna kanta duk shiga, da conda config --set auto_activate_base false, ka kira ta daga muhalli.sh. Spack da EasyBuild suna gina komai daga tushe, sun fi dacewa da wanda zai kula da manhajoji da yawa. Gina GCC da hannu da --prefix=$HOME/gcc-11 ma yana yiwuwa, amma yana cin awoyi da gigabait da yawa, kuma galibin sabobin tarayya suna da iyakar wurin ajiya ga kowa; ka buga quota -s kafin ka fara. Ga ɗalibin da ke son ya gama digiri, wannan ce hanya ta ƙarshe da zan nuna masa. Duk wadda ka zaɓa, ka sauke kayan kai tsaye a kan sabar da wget in tana da intanet, kada ka ƙone datarka ka sauke a laftof sannan ka sake turawa.

Sai zaman tare. In sabarku na da kwamfutar shiga daban da kwamfutocin aiki, harhaɗawa kaɗan a ta shiga ba laifi, amma make -j ba lamba a gabansa zai kunna aiki iya yadda ya samu, kowa ya ji kwamfutar ta yi nauyi, kuma top zai nuna sunanka. make -j4 ya wadatar. Ka guji -march=native sai in ka tabbatar injinan iri ɗaya ne, domin yana haɗa shirin daidai da furosesar inda ka harhaɗa, in furosesar kwamfutar aikin ta fi ta tsufa sai ka ga Illegal instruction. Kuma da yadda wuta da netwok suke a garin nan, kada ka fara dogon aiki sai a cikin tmux, shirin da ke riƙe tagarka a buɗe a kan sabar. In layi ya yanke aikin na nan yana tafiya, tmux attach zai mai da kai inda ka tsaya, ko daga waya kana cikin cunkoson Oshodi. Abu ɗaya: tagar tmux da ka buɗe tun makon jiya tana nan da muhallin makon jiya, sai ka sake source.

Ban ga sabarku ba, saboda haka sunayen foldoji da na modul da na rubuta misali ne, ka ɗauki na gaskiya daga module avail ko daga type -a na abokinka. In sashenku na da takardar ƙa'idojin amfani da sabar, abin da ta ce ya rinjayi abin da na ce. Yau da dare ka fara da cp /etc/skel/.bashrc ~/.bashrc don ka dawo da fayil ɗin asali, ka fita ka sake shiga, ka gwada scp. Sannan ka rubuta muhalli.sh, ka goge abin da ka harhaɗa a baya, ka sake haɗawa, ka duba ldd kafin ka tura layi. In har yanzu ya ƙi, ka aika wa mai kula da sabar sakamakon echo $PATH da module list da type -a g++ da ldd ./shirinka, tare da saƙon kuskuren gaba ɗayansa, a kwafe a rubuce, ba hoton allo da aka ɗauka da waya ba.